Madarar gwangwani ba ta wanke ƙirjin mai walda

Wani ɗan'uwa daga Mabera, nan cikin Sakkwato, ya turo man tambaya, ya ce ƙanensa ya shiga koyon walda wata takwas ke nan, kuma kullum da yamma ogansu shina sayo masu madarar gwangwani su sha wai tana wanke hayaƙin da sunka shaƙa. Babansu kuma manomin albasa ne can wajen Wurno, shi ma in ya gama feshi sai ya nemi nono ya kurɓa. To shina son ya sani, da gaske ne madara na wanke ƙirji? Kuma wace sana'a ce ta fi haɗari, don in waldar ce ya cire yaron tun da wuri.

Malam, Allah ya saka da alheri da ka damu da ƙanenka har haka. Na yi shekaru ina aikin duba-gari kafin in koma ɓangaren lafiyar ma'aikata, kuma wanga zance na madara ba na jin akwai garejin da na shiga ban ji shi ba. Ogan nan ba mugu ba ne, da kuɗinsa ya saya, shi ma haka ogansa ya yi masa. Amma madara ba ta wanke komai. Ka je mahauta gobe da safe ka ce a nuna maka wuyan rago, za ka ga hanya biyu ce, ɗaya ta abinci mai zuwa tumbi, ɗaya ta iska mai zuwa huhu. Hayaƙi ta hanyar iska ya bi, madara ta hanyar abinci za ta bi, ba inda za su haɗu. Ranar da madara ta yi kuskure ta bi hanyar huhu ai ƙwarewa mutum ke yi har hawaye. Yaro ya sha madararsa don abinci ce mai kyau, amma kada ya ɗauka ya biya bashin hayaƙin ranar, don illar abin ita ce wanda ya yarda da madara ba ya neman takunkumi.

Batun wace sana'a ta fi haɗari kuma, a nan mutanenmu ke yin lissafi a baibai. Mu abin da muke kira haɗari shi ne wanda ya fado daga saman bene ko wanda injin ya cire wa yatsa, wato abin da jini ya fita aka taru a kai. Amma ƙididdigar da hukumar ƙwadago ta duniya ta fitar a 2023 ta nuna kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aikinsu, kuma a cikinsu kimanin dubu 330 ne kawai na hatsari, sauran wajen miliyan 2.6 ciwo ne ya kashe su a hankali, ciwon zuciya, kansa, ciwon huhu. Irin mutuwar da in an yi ta sai a ce ai dama ya daɗe shina fama da tari, ba wanda zai tuna da shekara ashirin da ya yi cikin ƙura.

Bari in fara da ƙanenka tunda shi ne a gaba. Abin da zai fara kama shi, in ma bai riga ya kama shi ba, ido ne. Na taɓa ganin wani yaro da anka kawo wajen ƙarfe biyun dare, babansa na riƙe da hannunsa kamar makaho, an yanka dankalin turawa an ɗaura masa a ido da tsumma, hawaye na bin kumatu, shina cewa yashi anka zuba masa. Uban ya rantse lafiya lau ya dawo daga aiki har ya ci tuwo. Haka abin yake, hasken walda na ƙona fatar gaban ido amma zafin ba ya tashi sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa kullum cikin dare ne, har wasu su ce iska ne. Kuma yaron nan ko walda bai yi ba ranar, ƙarfe kawai ya riƙe wa oga shina kallo. 'Yan koyo sun fi shan wanga wahala don gilashi ɗaya ne a shago kuma a hannun oga yake. Yawanci yana warkewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma a bar saka nonon mace, ruwan albasa, tozali ko man juye, kuma wanga maganin ɗigawa mai kashe zafi nan take da ake saye a kemis a ɓoye a aljihu, shi ya fi ba ni tsoro, don yana hana ido warkewa kuma mutum ba zai ji ba ko gyambo ya fito. Baƙin tabarau na gayu da suke sakawa ba gilashin walda ba ne. Na walda lamba gare shi, daga 10 zuwa 13 ake so ga waldar lantarki, kuma a jikin garkuwar fuska, don fatar fuska ma tana ƙonewa.

Sai giranda. Ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa ido, sai a kira wani gwani a layin ya ciro da tsinken ashana ko kan takarda, wani har da harshe. In ya kwana ciki tsatsa yake yi ya bar tabo a tsakiyar gani. Farin tabarau mai rufe gefe kuɗinsa bai kai na madarar sati biyu ba, ka ga inda lissafin ya karkace.

Hayaƙin kansa kuwa, tun 2017 hukumar binciken kansa ta duniya ta saka hayaƙin walda cikin abubuwan da anka tabbatar suna jawo kansar huhu. Sa'ar da mutanenmu sunka yi ita ce galibi a fili suke aiki bakin titi, iska na kwashewa. Matsalar tana zuwa ne in an shiga cikin tanki ko ɗaki rufe, ko in ana walda a kan farin ƙarfe mai rufin tutiya irin bututun ruwa, shi ne za ka ji mutum da dare zazzaɓi da ciwon jiki kamar maleriya, da safe ya wartsake. Ka gaya wa yaron ya riƙa tsayawa iska na kaɗa hayaƙin gefe, kada ya kifa kansa a kan aikin. Kuma don Allah ko nawa za a biya kada ya kusanci tankin mai ko duro da wuta wai don an zubar da man. Tankin da babu mai a ciki shi ne ke fashewa, tururin da ya rage shi ne bam ɗin.

Amma in ka ce in zaɓa tsakanin ƙanenka da baba, wallahi baba na fi ji wa tsoro. Na sha tsayawa a fadama lokacin noman rani ina kallon yadda ake feshi: rana tsaka, mutum da singileti da gajeren wando, ƙafa ba takalmi, tankin feshi a baya yana yoyo yana bin gadon bayansa har ƙugu, ya dama maganin da hannu ko da karan dawa, in bakin feshin ya toshe ya cire ya sa a baki ya hura. Ya gama ya goge hannu a riga ya ɓare goro. Mutane sun ɗauka sai an sha guba take aiki, alhali yawancin magungunan ƙwarin nan ta fata suke shiga, kuma fatar da ta yi gumi cikin zafi ta fi sha. Alamar kuwa a bayyane take ga wanda ya sani: ciwon kai, jiri, yawu na zuba, gumi, amai, murɗar ciki, gani ya dushe, ƙwayar ido ta tsuke ta koma kamar kan allura, in ya yi tsanani ƙirji ya cika da majina numfashi ya gagara. A wannan lokacin nono da manja ɓata lokaci ne, kuma ɗura wa wanda hankalinsa ya fara gushewa abu a baki na iya kashe shi tun kafin gubar. Abin yi shi ne a tuɓe masa kayan, a wanke jiki da ruwa da sabulu, kada a sa shi amai, a nufi asibiti da robar maganin a hannu, don akwai allurar da ke karya wanga nau'in guba, atrofin, amma sai likita ya san abin da ya shiga jikin.

Ka roƙi baba ya mayar da feshi da sassafe ko bayan la'asar, ya juya wa iska baya, ya ware riga mai dogon hannu da wando da takalmin roba na feshi kawai, a wanke su daban ba tare da kayan yara ba. Robar da ta ƙare a huda ta, don na ga gidan da ake zuba man gyaɗa cikin galan ɗin maganin ciyawa, matar ta ce ai ta wanke da omo sau uku. Sannan ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake ko gero wadda ake ce wa bom, iskar da take fitarwa ba ta san ƙwaro da mutum ba, kada a taɓa ajiye buhun a ɗakin da ake kwana ko mai haɗe da shi. Da fiya-fiya ma haka.

Wanga magana ta kai guba gida ba ƙarama ba ce, mu nan mun gani a maƙwabta. A 2010 a Zamfara, wadda har 1996 jiha ɗaya muke da ita, yara sama da 400 sunka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Iyayensu ba su yi komai ba illa neman halak, suna kawo dutsen zinari gida ana daka shi ana niƙa shi a tsakar gida, ashe dutsen cike yake da dalma, ƙurar ta bi ƙasa, yara na rarrafe suna sa hannu a baki. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka lura da yawan sabbin kaburburan yara sannan anka gano. An sake ganin irinsa a 2015 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. To mai gyaran batir da ke narka dalma a shago ya dawo gida da kayan aikinsa ya ɗauki jariri, ƙaramin Bagega ne yake yi bai sani ba. Dalma ba ta nuna kanta da wuri, sai dai ka ga yaro ba ya gane karatu a ce dakiki ne.

Ƙura kuma ita ce babbar mai kisan mummuƙe. Ba ƙurar hunturu nake nufi ba, ƙurar dutse da yashi, ta masu fasa dutse, masu haƙar ma'adinai, da yaran nan masu yankan tayil da giranda a bushe cikin ɗaki har ba ka ganin fuskarsu. Wadda kake gani ma da sauƙi, hanci na tare ta. Mai illar ita ce wadda ido ba ya gani, tana wucewa can ƙasan huhu ta zauna, huhu ya yi ta yin tabo a kanta har ya ƙandare. Shekara 10 zuwa 20 kafin ta nuna, wani lokacin mutum ya ma bar aikin, kuma ba ta da magani, abin da ya lalace ya lalace. Ga shi tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Sau nawa mutum zai sha maganin tibi na wata shida cif, a gwada a ce ƙwayar cutar ta mutu, amma haki na nan, ba wanda ya tambaye shi aikin mi kake yi. Wannan laifinmu ne mu ma'aikatan lafiya, layi ya yi tsawo, muna tambayar mi ke damunka mu manta da mi kake yi. Don haka ku da kanku ku riƙa faɗa, ko ba a tambaya ba: likita, ni fa shekara goma sha biyar ina fasa dutse. Jimlar nan kaɗai na iya canza inda binciken zai dosa.

Maganin ƙura kuwa ruwa ne kafin takunkumi. Robar ruwa da anka huda murfinta, yaro na ɗiga wa bakin giranda, ta fi ƙyalle goma a hanci. Mu a aikinmu haka tsarin yake, ka fara kashe abin daga tushe, in bai yiwu ba ka raba shi da mutane, kayan kariya su ne na ƙarshe, don a zafin Sakkwato na watan Afrilu da ake haura digiri 40 duk wanda ya ce maka lebura zai wuni da takunkumi da safar hannu bai taɓa tsayawa a wurin gini ba. In za a saya kuma a sayi na gaske, mai rubutun N95 ko FFP2 wanda ke kama fuska. Shuɗin nan na asibiti da munka saba da shi lokacin korona ba ya tare wagga ƙura, kuma mai fentin mota shi nasa daban ne, mai gwangwanin gawayi a gefe, don tururin fenti da tina wucewa yake ta cikin na ƙura kamar ba komai.

Tunda na ambaci zafi. Birkila da lebura da mai turin ruwa da ɗan kabu-kabu, zafin nan kansa ciwon aiki ne. Abin da ke damuna shi ne haɗin da ake yi: a wuni ana gumi ba a sha ruwa sosai ba, da dare jiki na ciwo a je kemis a haɗo maganin ciwon jiki irin su diklofenak kala biyu uku, wani ya ƙara da tiramol don gobe ya iya ɗaukar buhun siminti mai kilo 50. Ƙodar da ba ta samu ruwa ba sannan anka ɗora mata waɗannan, ita ce ake zuwa wankinta daga baya. Mutum ya duba fitsarinsa, in ya koma kalar shayi to ruwa ya yi ƙaranci. Wanda kuma ya fara sambatu ko ya faɗi cikin rana jikinsa kamar garwashi, a ja shi inuwa a yi ta kwara masa ruwa ana fifita tun kafin a samo mota. Shi kuma ɗanyen siminti ƙuna yake yi kamar soda, a hankali, wanda ya shiga cikin takalmi ya wuni shi ke cin ƙafa.

Akwai wanda ba ya jiran shekara ashirin, shi minti biyu ne. Rijiya, masai, sokawe, tankin ƙasa. Iskar da ke ƙasan ramin na iya zama babu abin shaƙa a cikinta, ko kuma an zura injin jan ruwa mai fetur ciki hayaƙinsa ya taru. Na farko ya shiga ya yi shiru, na biyu ya bi shi don ceto, na uku ya bi, shi ya sa kusan kullum labarin gawa biyu ne ko uku 'yan gida ɗaya. Ba a shiga sai da igiya a ƙugu da mutane a sama masu iya jawowa, injin kuma a waje yake zama, kuma in wani ya faɗi a ciki a kira 'yan kwana-kwana, na san da wuya a gaya wa mutum kada ya bi ɗan'uwansa amma gaskiyar ke nan.

Sauran in bi su da sauri. Bakanike ya bar zuƙo fetur da baki da wanke hannu da shi, akwai sinadarin benzin a ciki mai taɓa ɓargo har ya kai ga kansar jini. Mai injin niƙa da ke wuni cikin ƙara, ma'aunin shi ne in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya da kai ya ji ka, ƙarar ta kai mai kashe kunne, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Mahauta da masu jima da 'yan Kara, dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya jini na fita ta hanci da dubura ba a feɗe ta ba a taɓa fatarta, alamar cutar antaraks ce mai kama mutum daga dabba, an tabbatar da ɓullarta a Suleja a 2023, ba tatsuniya ba ce. Mu kanmu na asibiti ba mu tsira ba, allurar da anka yi wa mai ciwon hanta nau'in B in ta soki wanda bai yi rigakafi ba, haɗarin kamuwa na iya kai 30 cikin 100, na ƙanjamau kuwa wajen 3 cikin 1000 ne, amma kowa ƙanjamau yake tsoro, ga masu shara da ke kwasar allurai ba wanda ya yi masu rigakafin nan mai allura uku.

Ta fuskar doka, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda hukumar inshorar ma'aikata, NSITF, ke kula da ita. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, daga aljihunsa, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Wanda ya ji rauni ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, a rubuce ya fi, kuma a nemi diyyar kafin shekara ta cika. Wanda ke aikin kamfani ya je ya tambaya ko an yi masu rajista, haƙƙinsa ne. Amma kada in yaudare ka, ɗan koyon walda a bakin titi wagga doka ba ta isa inda yake ba a aikace, abin da ke tsakaninsa da makanta shi ne ogansa da kai.

Don haka ni ban ce ka cire shi ba, walda sana'a ce mai rufin asiri kuma ana tsufa a cikinta da ido biyu. Ka sayo masa garkuwar fuska tasa ta kansa mai gilashi lamba 10 ko 11, da farin tabarau na giranda, da safar hannu ta fata wadda ko dukawan cikin gari za su ɗinka maka, da takalmi rufaffe a maimakon silifas, rigar kuma ta auduga don ta leda narkewa take ta manne a fata. Ka kai shi a yi masa allurar rigakafin sarƙewar haƙora tunda kullum cikin yankan ƙarfe yake. Sannan ka je wurin ogan da kanka, ka gaishe shi da girmamawa, ka yi masa godiyar madara, kada ka nuna masa ka fi shi sani a gaban yaransa, in kun keɓe sai ka ce ranka ya daɗe da za a tara kuɗin madarar wata ɗaya a ƙaro gilashi biyu saboda masu riƙe ƙarfe. Baba kuma in za ka je Wurno ka tafi masa da takalmin roba da sabulu, ka duba tankin feshin da kanka ka ga ko yana yoyo ta wajen murfi, galibi robar bakin ce ta cinye kuma canza ta ba tsada.